Yadda ake aiki da injin wanki mai fesa ruwa da batir ba tare da an ji rauni ko an kashe injin ba

Wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki a kasuwar Alaba ko ya ratsa Oshodi ya san wannan inji: siffarsa kamar bindiga, batir a gindin mariƙi, doguwar sanda a gaba, ga siririyar mesa da ake jefawa cikin bokiti. Ya karɓu a Legas ne don ba ya jiran a kawo wuta, ba ya kuma neman famfo mai gudu. Mai Keke Napep a Agege, mai shago a Mile 12, da maigadin da aka ɗora wa wankin motar maigida a Lekki, duk jarka ɗaya ta ruwa ta ishe su su fara aiki. Sai dai sauƙin nan shi ke jawo ganganci, kuma yawancin injinan da ke mutuwa cikin 'yan watanni ruwan da aka ba su ne da wurin da aka ajiye su suka kashe su.

Ka fara sanin ƙarfin abin da ke hannunka

Ana auna ƙarfin feshin ruwa da bar. Famfon gida mai kyau yana ba da bar 2 zuwa 4. Injin hannu mai batir ɗaya yana kaiwa bar 20 zuwa 30, mai amfani da wutar lantarki bar 100 zuwa 140, na fetur irin na manyan wuraren wankin mota kuwa yana haura haka nesa. Wato naka ya ninka famfo sau da yawa, amma bai kama ƙafar na 'yan wankin mota ba. Zai kore taɓo, ƙura, yashi da kashin tsuntsu. Ba zai ciro tsohon baƙin mai da ya shige siminti ba, kuma matsa bakinsa jikin abu don a tilasta masa ba ya haifar da komai sai ɓarna. Akwai manya masu batir biyu ko batir mai 36V da ke zama a ƙasa kamar akwati, wasunsu na kaiwa bar 100. Waɗannan ka ɗauke su tamkar na lantarki wajen kiyayewa.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 48V ko 88V a kan batir mai araha. Juya cajar ka karanta abin da take fitarwa. In ka ga 21V, to batirin na 18V ne, ƙwayoyi biyar ne a jere a cikinsa, kowace tana cika a 4.2V. Lambar da ta shafe ka ita ce Ah, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Batir mai 2.0Ah yakan yi minti 10 zuwa 15 yana feshi, mai 4.0Ah kusan ninkin haka. Injin yana shan lita 2 zuwa 4 a minti, don haka jarkar mai ruwa mai lita 25 za ta ƙare cikin kamar minti 8. Ƙaramar mota ka tanadar mata jarka biyu, babur ko Keke ɗaya ta isa in ba a yi almubazzaranci ba.

Ruwa

Nan ne mafi yawan mutane ke tafka kuskure, don haka a tsaya a kai. A cikin injin akwai ƙaramin famfo mai fistoci da zobban roba da ƙananan bawul. Ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya su, shi ne kuma man da ke sa su zame. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a bawul ƙarfin feshi ya faɗi, in kuma yashin ya yi yawa sai ya riƙa kankare robar har injin ya fara yoyo.

Ruwan rijiya da na burtsatse a unguwanni da yawa na Legas yana zuwa da yashi mai laushi, wani ma da jan ƙarfe da ke barin tabo a bokiti. Ka ɗebi ruwan ka bar shi ya kwanta na minti 15 ko fiye, sannan ka tsiyaye na sama cikin wani bokiti mai tsabta ta cikin ƙyalle mai laushi. Matacin da ke bakin mesa yana tare ganye da tsakuwa ne, yashi mai laushi kan wuce shi. Ka kula kada matacin ya kwanta a gindin bokiti inda laka ke taruwa. Yawancin mesa tana zuwa da 'yar ƙwallon da ke sa ta yi iyo, ka daidaita ta yadda matacin zai rataya a tsakiyar ruwa.

Ruwan gishiri haramun ne ga wannan inji. Masu zama kusa da teku ko bakin tafkin Legas, da waɗanda rijiyarsu ke da ɗanɗanon gishiri, su nemi wani ruwan, domin gishiri yana cin ƙananan sifirin da ke cikin bawul. Ruwan kwata da ruwan ambaliya su ma a bar su. Ban da dattin da zai toshe injin, feshi yana mayar da ruwan hazo ne, kai kuma kana shaƙarsa. Ruwan zafi ma ba ya yi: yawancin waɗannan injina iyakarsu digiri 40. Baƙar jarka da ta wuni a rana ka taɓa ruwanta tukuna, in ya fi ɗumin jiki ka sirka. Fetur, kananzir, gas ko tinar sirka fenti kuwa kada ka taɓa bari injin ya zuƙe su da sunan wanke maiƙo. Hazon fetur da tartsatsin wutar injin, gobara ce a hannunka.

Shiri da haɗawa

Kafin ka taɓa injin, ka sa tabarau mai rufe gefen ido. Ruwan da ya bugi ƙasa yana dawowa da tsakuwa da yashi, kuma ido ne ya fi komai shiga haɗari a wannan aiki. Ka sa takalmin roba mai rufe yatsu da gindi mai kama ƙasa, silifas a kan jiƙaƙƙen tayil mai sabulu ya karya mutane da yawa. In za ka wanke bayan gida, bakin kwata, akurkin kaji ko garken tumaki, ka ƙara da takunkumi da safar hannu, ka kuma sa kayan aiki dabam, domin feshin zai dawo jikinka da najasa, ba kayan da za ka yi salla da su ba ne.

Dubi wurin. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ka san inda ruwan zai gangara kafin ya shiga ɗakin maƙwabci ko ya jiƙa shanyar wani. Ka kori yara su yi nisa, su kan ɗauka abin wasa ne. Ka nemo duk wani abu mai wuta: soket na waje, mita, wayar da aka ja daga janareta, injin jan ruwa, fitilar bango. Wanda za a iya kashewa a kashe, wanda za a iya ɗaukewa a ɗauke, sauran a rufe da leda a kuma ba shi tazarar aƙalla mita biyu. Kasancewar injinka na batir bai hana ruwan da ya fesa ya ɗauko maka wutar gida ba.

Haɗawa tana da tsari, kuma batir shi ne na ƙarshe. Ka soka sandar a bakin bindigar ka murɗa har ta kulle. Ka sa kan feshi, ka ja shi da hannu ka tabbatar ya zauna, domin wanda bai zauna ba yakan fice kamar harsashi ya fasa gilashi. Ka haɗa mesa a ƙasan injin har ka ji ta yi ƙas, ka duba zoben robar da ke mahaɗar bai tsage ko ya faɗi ba. Ka jefa mataci cikin ruwa, ka miƙar da mesar kada ta lanƙwashe. Da busasshen hannu ka zura batir har ya kama. In injinka yana da murfin da ke rufe batir, ka rufe shi ruf.

Sai jan ruwa na farko. Mesar cike take da iska, dole injin ya kore ta. Ka juya kan feshin zuwa mafi faɗi, ko ka cire shi gaba ɗaya, ka sauke bindigar ƙasa kusa da tsayin bokitin, ka saita ta inda ba kowa, ka danne kunama. Za ka ga ruwa yana hawowa cikin mesa, injin ya yi tari sau biyu ko uku, sannan feshi ya daidaita. Wannan yakan ɗauki daƙiƙa 10 zuwa 30. In rabin minti ya wuce ba ruwa, ka saki kunama. Ci gaba da dannawa yana ƙona robar famfo ne a bushe. Ka ɗora bokitin a kan benci ya fi injin tsayi, ko ka nutsar da mesar duka cikin ruwa ta cika kafin ka haɗa ta. Injin ba ya son jan ruwa daga zurfi, in tazarar sama da ƙasa tsakaninsa da ruwan ta haura mita ɗaya da rabi zai wahala, don haka ba a jefa mesarsa cikin rijiya kai tsaye.

Zaɓen kan feshi da tazara

Kan feshi yana da lambobi: 0, 15, 25, 40, da na yayyafi. Lambar faɗin feshin ce a digiri. A injinan da ke da kawuna dabam-dabam, ja shi ne 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. Ƙaramar lamba tana tara ƙarfin ruwan wuri guda. Fenti, gilashi da roba na 40 ne. Tayoyi, ƙarƙashin mota da tayil na 25. Siminti da bulo mara fenti na 15. Na 0 kuwa yana fita kamar allura, amfaninsa kaɗan ne, sai dai ciro busasshen taɓo daga lungun ƙarfe. Yana zana layi a katako, yana ɗaye fenti, yana yanka fata. Duk lokacin da za ka canza kai, ka saki kunama ka sa makullinta, mafi kyau ma ka zare batir.

Ka riƙe da hannu biyu, ka fara daga nisan rabin mita, ka riƙa matsowa har ka ga datti na tashi, ka tsaya nan. A kan fenti kada ka matso ƙasa da santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Ka karkata feshin kamar yadda ake riƙe tsintsiya, ya riƙa tura dattin gaba. In ka saita shi tsaye cak, ruwan fuskarka zai dawo. Hannu ya riƙa tafiya, kowane layi ya ɗan hau kan na baya. Wuri sabo kuma a fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa.

Kada ka hau tsani da wannan inji. Hannu biyu suna kan bindiga, matakala ta jiƙe, ga ɗan turin da injin ke yi in ya tashi. Abin da sanda ba ta kai ba a nemo masa doguwar tsintsiya.

Mota, Keke da babur

Ka wanke a inuwa, bayan inji da birki sun huce. Ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi yana iya lanƙwasa shi. Ka rufe gilasai, ka fara da ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa don ka kore yashi, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a jikin mota. Wanda ya sa soso kafin ya kore yashi, shi ya kankare fentinsa da hannunsa. Sai ka ɗaura wa bindigar kwalbar kumfa, wato 'yar kwalbar da ke gauraya sabulu da feshi, da sabulun mota na ruwa a ciki, gwargwadon da aka rubuta a jikin robarsa. Garin sabulun wanki ba ya narkewa duka, yana toshe ƙaramar hudar kwalbar, yana kuma dusashe ƙyallin fenti. Ka fesa kumfa daga ƙasa zuwa sama, ka ba ta minti biyu ko uku, kada ta bushe. Sannan soso ko tawul mai laushi. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin baƙin hayaƙin da ke manne wa mota a cunkoson Apapa ko gadar Third Mainland ba ya fita da feshi kaɗai. Ka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ka goge.

Akwai wuraren da ba a matsa wa feshi: robar gefen ƙofa da gilashi, fitilar da ta tsage, gefen taya, wurin da fenti ya fara ɗagowa, da lagireto, wanda siraran fukafukansa ke lanƙwashewa su hana iska wucewa. Cikin bonet a bar shi, akwai akwatin fiyus da mahaɗun wayoyi da ruwa ke shiga ya ƙi fita.

Babur da Keke sun fi mota rauni a nan, don komai nasu a fili yake. Ka toshe bakin salansa da leda. Ka kauce wa kan fulogi, matacin iska, kafireto, ramin makulli da agogon gudu. Kada ka saita feshi a tsakiyar ƙafa inda boris yake, domin ruwa yana ture giris ya zauna a madadinsa, bayan 'yan makonni ka ji ƙafa tana kuka. Sarƙa a wanke ta da buroshi, a busar, a sa mata mai. Bayan wanki ka taka birki sau da yawa a hankali kafin ka hau titi.

Tsakar gida, bango da gansakuka

Daminar Legas tana barin koren gansakuka a bango da dandamali, mai santsi kamar kuɓewa. Feshi zalla yana ɗauke samanta ne, ta dawo cikin 'yan makonni. Ka dama bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma a bokiti dabam, ka zuba da moɗa ko ka shafa da buroshi, ka bar shi minti 10, ka goge, sannan ka ɗauraye da injin daga ɗan nesa. Bilic ba ya bi ta cikin injin, yana cin roba da ƙarfensa, hazonsa kuma yana ƙona ido da maƙogwaro. Kada kuma ka haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, abin ya fi muni a rufaffen banɗaki.

A kan intalok, wato duwatsun siminti da ake jerawa a dandamali, feshi mai tsini yana kwashe yashin da ke tsakanin duwatsun, su fara motsi. Ka yi amfani da na 25 a karkace, in wurin ya bushe ka share sabon yashi cikin ramukan. Bangon da fentinsa ya kumbura saboda laima zai ɗaye ne gaba ɗaya. Tsohon rufin asbestos, wanda har yanzu yake kan gidaje da dama a tsofaffin unguwanni, kada a kusance shi da feshi, domin yana sakin zaruruwan da ke lalata huhu. Farantin sola da akwatin na'urar sanyaya ɗaki na waje, yayyafi kawai suke so, bayan an kashe wuta. Dabba kuma, ko ragon layya ne ya yi dumu-dumu da taɓo, bokiti da soso ne nasa.

In an ji rauni

Kada a wanke ƙafa ko hannu da feshin, ko da wasa. In ruwan ya huda fata, ramin zai yi kamar na allura, mutum ya raina shi, alhali ruwa da datti sun shige can ciki. Kumburi da raɗaɗi sai bayan sa'o'i suke tasowa. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita ruwan inji mai ƙarfi ne ya yi shi, a kuma tambayi batun allurar tetanus. In sabulu ko bilic ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, ba a murzawa. In tsakuwa ce ta maƙale ko gani ya dusashe, asibiti kai tsaye. Wanda wuta ta kama, a kashe wutar kafin a taɓa shi. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767.

Bayan an gama

In ka yi amfani da sabulu, ka bar ruwa zalla ya bi ta injin na minti ɗaya. Ka ciro mesa daga bokiti, ka danna kunama na daƙiƙa biyar ruwan ciki ya fita, ka zare batir, ka sake danna kunama don sauran ƙarfin ya sauka, sannan ka kwance sanda da mesa. Ka wanke mataci, ka rataye mesa ta tsiyaye. Laimar Legas ba ta barin abu ya bushe a cikin akwati, don haka ka bar injin a inuwa mai iska kafin ka rufe shi, in ba haka ba fumfuna ta cika mesa, ƙarafan da batir ke taɓawa su yi kore. Zobban roba a ɗan shafa musu giris na silikon lokaci-lokaci. Baƙin mai yana kumbura wasu irin roba.

Batir da ya fito daga aiki da zafi a bar shi ya huce na rabin sa'a kafin caji. A yi cajin da cajarsa, a kan siminti ko tayil, nesa da katifa, labule da jarkar fetur, kuma a cire in ya cika, kada a kwana da shi a wuta. In da janareta kake caji, ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka soka caja, ka zare ta kafin a kashe. Kada batir ya wuni a cikin motar da ke rana. In za a daɗe ba a yi aiki ba, a ajiye shi da rabin caji, a ware daga injin, nesa da makullai da kusoshi da za su iya haɗa bakinsa. Batirin da ya faɗa ruwa, ko ya kumbura, ko yake wari ko huci, ya gama aiki. A fitar da shi waje a ɗora kan yashi nesa da ɗaki, kada a jefa shi cikin sharar da motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, za ta matse.

In wata rana injin yana kuka amma feshi ba ƙarfi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya: matacin ya toshe, mesa ta lanƙwashe, ko iska na shiga ta mahaɗa, wanda za ka gane da ƙananan kumfa suna tafiya a cikin mesar. In feshin yana fita a karkace ko ya rabu biyu, hudar kan ce ta toshe. Ka zare batir, ka cire kan, ka tsokane hudar da siririyar allurar da ta zo cikin kwalin, ka ɗauraye ta baya. Kada ka faɗaɗa hudar da ƙusa, in ta buɗe ƙarfin ya tafi ke nan. In injin ya tsaya da kansa ana cikin aiki alhali akwai caji, zafi ne ya sa batirin ya yanke wuta, ka ba shi minti 15 a inuwa. In kuwa ruwa yana ɗiga daga cikin gangar jikin injin, kusa da mariƙi, robar famfo ce ta mutu, kuma ruwan yana gab da kaiwa ga wayoyi da batir. Ka zare batir nan take, kada ka sake sa shi sai mai gyara ya buɗe ya canza robar.